Haƙorin da Ke Jin Dawa

Kafin in faɗi yadda muka rabu, bari in faɗi ko wane ne shi, don kada mai karatu ya ɗauka haƙori ne irin na bakin kowa. Turmi ne, wato haƙorin tauna na can ciki, a ƙasa, ɓangaren dama. A ido ba shi da wani kyau. Goro ya rina shi ja, ga faɗi kamar dutsen niƙa, har taubashina yakan ce da za a fito da shi waje, mata biyu za su yi niƙa a kansa gwiwarsu ba ta haɗu ba. Amma a unguwarmu ta Birnin Kudu, ba a ɗora wa rumbu jinka sai an ji ta bakinsa.

Ga yadda abin yake. In an girbe dawa an yanke zangarniya, a gona ake shanya ta kafin a ɗaure dami a kawo gida. Wanda ya yi gaggawa ya zuba ta da sauran ɗanye, za ta yi gumi a cikin rumbu, ta yi fumfuna, ranar da ya buɗe da bazara ya tarar da wani baƙin abu mai wari wanda ko jaki sai ya kau da kai. Wanda kuma ya yi nawa, gara na ci ta ƙasa, tsuntsu na ci ta sama, makiyaya na tsaye suna jiran su saki shanu cikin kara, ga mahara daga duwatsun kudu, waɗanda a shekarun nan ba sa sallama kafin su ɗebi hatsin mutum. Tsakanin "ba ta yi ba" da "an makara" ɗan siririn wuri ne, kuma a nan haƙorina yake zaune.

Na san za a ce ai kowane manomi yana jefa ƙwaya a baki ya tauna. Haka ne. Amma yawancin mutane abu biyu suke ji: ko ta ce ƙas, ko ta lotse. Nawa yana jin na uku. Akwai ƙwayar da rana ta busar mata da baya, cikinta kuwa da sauran laima. Ita ma ƙas take cewa, sai dai ƙas ɗin nata yana da ɗan jela, wani ɗan danƙo da ke biyo baya kamar ba ya son sakin haƙori. Wannan ita ce mai ruɓar da rumbu, kuma ita nake kamawa. A shekarun ƙarfinsa, in na tauna ƙwaya ɗaya sai in faɗa maka gonar da ta fito, da ko takin jaki aka zuba mata ko na awaki, da ko mai gonar ya yi faɗa da matarsa ranar shuka. Wannan na ƙarshen wasu na musu, amma har yau ba wanda ya kawo shaidar na yi kuskure.

Baba, Allah ya jiƙansa, shi ya fara gane baiwar tun ina saurayi, ya bar mini wannan aiki. Da ya rasu, gandu ya koma hannun Yaya, mutumin da fitar da dariya daga bakinsa ya fi haƙa rijiya a kan fa wuya. Shi ke raba aiki, shi ke buɗe rumbu, shi ya san yawan bakin da ke jiran tuwo a gidanmu. Ni kuwa a fagen noma ba na cikin waɗanda makaɗa ke wasawa. Kuyyata takan riga ta kowa gajiya. Amma ba wanda ke yi mini gori, domin kowa ya san in kaka ta zo, ni ne mai magana ta ƙarshe.

To, a wata shekara, damina ta ja baya, an shigar da gero, dawa ta fid da kai tana nuna, sai uwargida ta ajiye mini akushin dafaffen wake da man shanu. Na kai loma, na danna mata turmin nan da ƙarfin da na saba, sai ji kake ƙarass. Kajin tsakar gida suka watse. Uwargida ta rantse ƙwaya-ƙwaya ta tsince waken nan, kuma na yarda da ita. Garinmu garin duwatsu ne, sun yi mana yawa har ƙananansu na bin mu cikin akushi. Na tofar da tsakuwar tana nan lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Haƙorin ne ya ɓalle ta gefe, ya bar rami, ya kuma tsage.

Daga ranar nan ruwan randa ya zama abokin gabana. In na kurɓa, sai in ji kamar an soka mini kibiya ta muƙamuƙi ta fito ta kunne. In na yi dariya iska ta shiga, haka. Ni da dariya ce sana'ata ta biyu, na koma tafe da baki a rufe kamar mai ɗauke da sirrin fada.

Nan gida ya rabu biyu. Uwargida ta ce, "Malam, a cire shi mu huta. Tun da abin nan ya faru ko miyata ba ka yaba ba, sai nishi kamar saniya mai naƙuda."

Yaya kuwa ya kira ni zaure, ya ce in buɗe baki. Ya daɗe yana leƙe, kamar mai duba jakin da zai saya, sannan ya ce, "Ba za a cire ba."

Na ce, "Yaya, a bakina fa yake."

Ya ce, "A bakinka aka ajiye shi. Na gandu ne, kamar galma, kamar jaki. Ka taɓa ganin an sayar da jaki ana gobe jigilar dami? Dawar bana ta fi ta bara yawa, in ta ruɓe da me zan ciyar da gidan nan? Ka je a gyara shi."

Wajen gyara kuwa sananne ne. A Kangire akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Inna, wadda ta gaji fitar da tsutsar haƙori daga uwarta. Na yi sammako na same ta tana sheƙar gero a ƙofar ɗaki. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi abin da ke tafe da ni.

Ta ce, "Buɗe mu gani, ɗan nan." Na buɗe. Ta ja da baya ta ce, "Kai! Wannan baki ne ko zaure? Rage, kada in faɗa ciki."

Ta sa wata katangar tukunya a wuta har ta yi ja, ta ɗora ta a kan dutse a tsakiyar kasko mai ruwa, ta zuba mata 'ya'yan gautan kura da ɗan kitse. Hayaƙi ya tashi, ta kife ƙwarya mai huda a kai, ta zura kara mai rami a hudar, ta ce in ɗora bakin karan daidai kan haƙorin in yi ta ja, kada in haɗiye. Na ja hayaƙin nan har idanuna suka yi ta zuba kamar indararo, har na fara jin ƙanshin kaina kamar ƙilishi. Da ta ɗaga ƙwaryar, sai ga su a kan ruwa, farare, sirara, a lanƙwashe. Da idona na gan su. Gaskiyar magana ba su wuce silin zare ba. Kafin in iso gida sun kai ɗan yatsa, ranar kasuwa kuwa da na ba da labarin, ɗaya daga cikinsu sai da aka sa mata sanda.

Bayan hayaƙi, Inna ta daka kanumfari ta cuɗa da kakin zuma, ta cusa a ramin ta danne da babban yatsa. Ta ce, "Shi ke nan, zai kwanta. Amma ka lallaɓa shi kamar jinjiri. In kakin ya fita ka sake wani."

Ya kuwa kwanta. Na sha ruwan randa a gaban uwargida ina kallonta ido cikin ido. Yaya ya aika wa Inna da damin gero. Sai da murna ta lafa na hau tsani na zaro zangarniya ɗaya daga dawar bara, wadda na san ta bushe tun tuni, na jefa ƙwaya a kan turmin na danna. Shiru. Ƙwayar ta fashe, amma ban ji komai ba, kamar mai sauraron hira ta bayan katanga. Na je gona na tsinko sabuwa, ɗanya shar, na danna. Duk ɗaya. Kaki ya kashe ciwo, ya kuma toshe masa kunne. Na sa tsinke na ƙwaƙule kakin na sake gwadawa. Nan take ya ji, sarai ya ji, har jelar nan ya kamo, amma ihun da na yi sai da tsuntsayen gonar maƙwabcinmu suka tashi.

Ka ga inda na tsaya ke nan. Da kaki, haƙori lafiyayye amma kurma. Ba kaki, haƙori mai ji amma mai kisa. Ban faɗa wa Yaya ba tukuna. Na ce zan je Gwaram gaishe da Goggo, na bi ayarin masu jakuna ta Sara, don a lokacin ba a bin hanyar nan mutum ɗaya.

Goggo ƙanwar Baba ce, an aurar da ita gidan wanzamai, ɗanta kuwa, taubashin nan nawa, shi ya gaji zabira. Tun muna yara kowannenmu ke cewa shi ne ubangidan ɗaya, kuma har yau shari'ar ba ta ƙare ba. Na same shi a gindin ceɗiya yana yi wa wani dattijo aski. Yana hango ni ya ɗaga murya.

"Lale da bawana! Me ka kawo wa ubangidanka?"

Na ce, "Na kawo maka abin da ka daɗe kana roƙon Allah ya ba ka. Gama da kan bawan Allah nan tukuna, kada ka yanke masa kunne don murna."

Ya ce, "Dutsen niƙan? Kai, Allah mai amsa addu'a! Baba, yi haƙuri in gama da kai da sauri, yau zan haƙo abin da za a kafa harsashin masallaci da shi."

Da ya sallami dattijon, ya zaunar da ni ya juya fuskata wajen rana. Ya cire kakin, ya ƙwanƙwasa haƙorin da gindin aska, na daka tsalle. Ya danna dasashi da yatsa. Sai na ga ya daina dariya, abin da ban saba gani ba, kuma wannan ya fi ƙwanƙwasar tsorata ni.

Ya ce, "Tsagar ta sauka har saiwa."

Na ce, "Inna ta Kangire ta fitar da tsutsar."

"Ban musa ba, ta iya aikinta. Ta kori tsutsa, to wa zai ɗinke tsagar? Ji nan, in sanyi ya shigo zai tara ruwa. Na ga wani a Fagam da ya yi ta lallaɓa nasa, kumburi ya sauka masa wuya, bai ga kaka ta gaba ba. Yanzu yana nan a haɗe, awartaki zai kama shi ya fito gaba ɗaya. Ranar da ya rabe biyu kuwa, sai dai in yi ta tono kamar mai haƙar rogo a fako, kuma ba na so in ji kukanka, muryarka ba daɗi."

Na faɗa masa zancen Yaya, da dawar gandu, da kurmancin kaki. Ya ce shi dawa ba ta dame shi ba, wuyana ya dame shi, domin in na mutu ba shi da bawa. Muna cikin haka wani ya zo aski, ya tashi ya kama aiki, ni kuwa na zauna riƙe da kunci ina kallonsa. Da hagu yake aski. Na san da haka tun da daɗewa, domin yana saurayi ya faɗo daga kan ɗorawa ya karya hannun dama, ɗorin kuma bai zauna daidai ba. Amma ban taɓa tsayawa na kalli yadda askar ke tafiya a hagun nan ba, sumul, kamar da ita aka haife shi.

Na ce, "Kai, wa ya koya wa hagunka aski?"

Ya ce, "Damata mana. Tana rataye a wuya tana zaginsa har ya iya."

Na shafa kuncina na hagu. A can ciki akwai wani turmi, lafiyayye, ƙato, wanda tun da aka halicce shi bai taɓa yin aikin da ya wuce tuwo da nama ba. Na miƙe na ce wa taubashi ya mai da awartakinsa zabira, zan ci bashin 'yan kwanaki. Na faɗa masa dabarar. Ya yi dariya har ya kusa yanke mai askin, ya ce bai taɓa jin wanda ya sa haƙori a makaranta ba. Amma da zan tafi ya rako ni har bakin gari, ya riƙe hannuna ya ce, "In ka ga kunci ya fara tashi, kada ka jira. Kuma kada ka danna shi da ƙarfi, ko waye ya ce ka danna."

Da na dawo na buɗe makaranta a tsakar gida. Uwargida ce mai riƙe da ƙoƙuna: ɗaya da dawar bara, ɗaya da sabuwa daga gona, ɗaya da wadda muka shanya ta sha rana sama-sama. In rufe ido, ta ɗauko ƙwaya daga wanda ta ga dama ta sa mini a tafin hannu. In fara ba ɗalibi, wato na hagu, in faɗi abin da ya ce. Sannan in cire kaki in ɗora irin ƙwayar a kan malam, wato na dama, a hankali, in ji abin da shi zai ce, in yi ihu, in mai da kaki.

Ɗalibin nan da fari jaki ne. Komai aka ba shi sai ya ce ya bushe. Ya niƙe ƙwaya kafin ya saurare ta, irin na wanda ya saba da ƙashin kaza. Uwargida takan ce, "Malam, wannan fa ɗanya ce, ko ni da ido na gani." In ce mata ta yi haƙuri da shi, yaro ne, bai san komai ba sai ci. Sai na koya masa tsayawa: a ɗora ƙwaya, a riƙe ta tukuna, a matsa kaɗan-kaɗan har ta yi magana da kanta. Malam kuwa duk tambayar da aka yi masa sai ya amsa daidai, sai dai ladan karatunsa tsada gare shi. Ihun da nake yi kullum ya sa maƙwabta suka ɗauka akuya muke yankawa, har suka fara jin haushin ba a aika musu da nama ba.

Wata rana da hantsi, ta sa mini ƙwaya, na ɗora a hagu, na matsa. Ta ce ƙas, sai na ji wani ɗan abu ya biyo baya, siriri, kamar an ja zare. Na ce, "Ta ƙoƙon tsakiya ce, mai shan rana sama-sama." Na buɗe ido na ga uwargida ta rufe baki da gefen zane. Muka sake, ya faɗa daidai. Muka yi ta sakewa har ta gaji ta ce tuwo na jiranta. Daga ranar na rage damun malam, sai in abu ya rikice.

Amma malam ya riga ya fusata. Sanyin kaka na shigowa, kuncin dama ya fara tashi. Da fari kamar na ɓoye goro, daga baya kamar na ɓoye ƙoƙo, har yaran unguwa suka fara gaishe ni sau biyu, ni da kuncin. Uwargida ba ta yi shawara da kowa ba, ta ba masu jakuna saƙo zuwa Gwaram. Taubashi ya iso da zabirarsa ana gobe ɗaurin dami.

Domin a lokacin an riga an yanke dawar gandu, tana shanye a gona, kuma Yaya ya gaji da jira. An ce an ga ƙurar mahara ta kudu. Wani makiyayi ya kafa shanunsa a bakin gonarmu yana ta yi mana sallama safe da yamma, irin sallamar da ke nufin ku yi ku kwashe. Yaya ya kira gayya, ya aro jakuna, mata suka dama fura suka tuƙa tuwo. Abin da ya rage kawai in zo in tauna in ce bismillah.

Na iso gona da rawani naɗe a haɓa, taubashi na biye da ni yana gaya wa mutane wai amaryarsa ce ya rako. Na wuce zangarniyar sama, wadda rana ta gama da ita, na zura hannu can ƙasan shanya na zaro ɗaya. Na murje ƙwaya na ɗora a hagu. Ƙas, da jela. Na je wani gefen na zaro wata. Haka. Na je ƙarshen gona. Haka.

Na ce, "Yaya, da saura. A juya ta, ta ƙara shan rana."

Yaya ya dube ni, ya dubi jakunan aro, ya dubi ƙoren tuwo. Ya ce, "Da wanne ka tauna?"

"Da na hagu."

"Na hagu? Yaushe na hagu ya fara sanin dawa?"

Na ba shi labarin makaranta a taƙaice. Wasu suka fashe da dariya, shi ko gezau. Ya ce, "Ɗan koyo ba zai mai da mini gayya gida ba. A tambayi babban. In shi ya ce da saura, na yarda."

Taubashi ya matso, ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri in sa baki. Haƙorin nan da ƙyar yake riƙe da kansa. In ya danna busasshiyar ƙwaya yau, zai iya rabewa, in ya rabe kuwa saiwar za ta zauna cikin kumburin nan. Ni zan sha wahalar tono, shi zai sha wadda ta fi."

Yaya ya ce, "Ƙwaya ɗaya ce fa."

Ba mugunta ba ce, na san shi. Lissafin bakunan gida yake yi, da shanun da ke bakin gona, da ƙurar kudu. Ni kuma a tsaye a wurin nawa tunanin nake. Na san abin da na ji, ba na shakka ko kaɗan. In na ba malam ƙwayar nan, abin da ɗalibi ya faɗa shi zai faɗa, wataƙila ya rabe a kan faɗar. In ma bai rabe ba, baɗi haka za a yi, a ce a tambayi babban. Muddin yana cikin bakina, ba mai sauraron na hagu, ko da ya fi shi ji.

Sai na warware rawani, na zauna a kan wani dami da aka fara ɗaurewa, na ce, "Kai wanzamin banza, fito da awartakinka."

Yaya ya ce, "Me za ka yi?"

Na ce, "Zan sallami babban, Yaya. Ya yi wa gandu aiki tun zamanin Baba, ya gaji."

Kafin ya sake magana taubashi ya riga ya buɗe zabira, don shi tun daga Gwaram hannunsa ke ƙaiƙayi. Ya sa ƙarti biyu suka riƙe mini kafaɗu, wani ya riƙe kai. Ya ce wa gayya, "Ku kori ƙadangaru, kada su ga giɓin, yaron nan sabo ba zai fito masa ba." Mutane na dariya, ni ina salati. Ya yi bismillah, ya dafa gwiwa a ƙirjina, ya zura awartaki da hagun nan nasa, ya kama can ƙasa. Bai fizga ba. Ya girgiza shi dama, ya girgiza hagu, kamar mai tuge turke, yana yi yana ce mini, "Ka ce ni ne ubangidanka in yi maka a hankali." Da bakin da zan ce? Na ji saiwar nan tana tasowa tun daga diddigena, ta bi ta gwiwa, ta ratsa ciki, ta gaisa da kowa a hanya. Sai ji na yi fat, duniya ta yi fari, ta dawo.

Ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Ya fito gaba ɗaya, da saiwoyinsa, tsagar kuwa ta ratsa shi tun daga sama har ƙasa, ɗan abu kaɗan ya riƙe ta. Taubashi ya matsa shi da yatsa biyu a gaban Yaya, ya buɗe kamar ɓawon gyaɗa. Mugun ruwa ya biyo baya daga dasashi, taubashi ya matse shi tas, ya ba ni ruwan ɗumi da gishiri da bagaruwa na yi ta kurkurewa.

Da na samu bakin magana, na dubi Yaya na ce, da harshe mai nauyi, "Yanzu alƙali ɗaya ya rage a gidanmu, kuma ya ce da saura."

Yaya ya daɗe yana kallon haƙorin a tafin taubashi. Sannan kafaɗunsa suka fara rawa, wani sauti ya fito masa kamar ana jan guga a tsohuwar rijiya. Sai da muka duba da kyau muka gane dariya ce. Ya juya ya ce wa gayya, "Ku ci tuwon, ba a mai da shi gida. In kun gama ku taya mu juya zangarniya. Jakuna a mayar wa masu su."

Jiran bai zo kyauta ba. Muka yi ta gadi bi da bi, duk da haka shanun makiyayin nan suka faɗa gefen gabas suka yi mana ɓarna, tsuntsaye suka ɗebi rabonsu. Mahara dai Allah ya kau da su, ba su biyo ta wajenmu ba a shekarar. Kumburi ya saɓe, na koma shan ruwan randa kamar kowa. Ranar da na zaro zangarniyar ƙasa na ɗora a hagu ta ce ƙas, tsaf, ba jela, na ce bismillah, aka ɗaure aka kai gida aka ɗora jinka. Da bazara Yaya ya buɗe rumbu da kansa, ya zura kai ya shaƙa, ya sauko bai ce komai ba, wanda a wajensa kirari ne. Dawar nan ita ta riƙe gidanmu har sabon gero ya shigo.

Har gobe in zancen ya tashi, Yaya yakan ce da an tambayi babban, wataƙila da ya yarda a kwashe ranar, da shanu ba su ci gefen gabas ba. Ni kuma in ce ya je ya tambaye shi, ai ya san inda yake. Domin taubashi ya so ya tafi da shi Gwaram ya riƙa nuna wa masu aski yana cewa na dorina ne, Yaya ya karɓe ya ce kayan gandu ba ya fita gida. Ya ƙunshe shi a 'yar fata ya soke a ƙarƙashin jinkar babban rumbu, yana nan har yanzu.

Bana ma da aka shanya dawa, Yaya ya murje ƙwaya ya miƙo mini, ya tsaya yana kallon bakina. Ya ce, "Da wanne za ka tauna?"

Na ce, "Da wanda ya rage, Yaya."

Ya ce, "To, tauna a hankali. Kuma ka gaya wa matarka ta riƙa tsince wake da kyau, wannan ba shi da ɗalibi."